Haraji ne ya hana Manchester United sayen manyan 'yan wasa?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan Manchester United ne tun ina firamare. A gidan kallon unguwarmu akwai gardamar da ta ƙi ƙarewa. Wani yayanmu da ya yi karatu a waje ya ce mu daina zagin koci da masu ƙungiya, wai harajin Ingila ne ya yi yawa, shi ya sa manyan 'yan wasa ke zaɓar Real Madrid ko Italiya ko Saudiyya, har Osimhen ma ya gwammace Turkiyya. Wasu kuma sun ce wannan zancen 'yan boko ne, matsalarmu tsarin wasa ne da sayen 'yan wasan da ba su dace ba. Tunda aikinka lissafin haraji ne kuma kana bin ƙwallo, don Allah ka raba mana gardama."

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tambayarka guda biyu ce ka haɗe su wuri ɗaya. Ta farko, shin haraji na iya sa ɗan wasa ya zaɓi wata ƙasa ya bar wata? Ta biyu, shin harajin ne ya jefa United cikin halin da take ciki tun bayan ritayar Alex Ferguson a 2013? Ta farkon amsarta e, kuma yayanku ya fi abokan gardamarsa gaskiya a kanta. Ta biyun amsarta a'a, kuma a nan an bar jaki ana dukan taiki.

Wa ke biyan harajin ɗan wasa?

A takarda ɗan wasa ne ke biya, domin daga albashinsa ake cirewa. A wurin ciniki kuwa ƙungiya ce. Na yi shekaru ina haɗa albashi a wani kamfanin gine-gine da ke ɗauko injiniyoyi daga ƙasashen waje, kuma ban taɓa ganin wanda ya zo ya tambayi jimillar albashinsa ba. Kowanne abin da yake faɗa shi ne: nawa ne zai shiga asusuna a ƙarshen wata? Sai a rubuta masa wannan adadin a kwantiragi, mu kuma a ofis mu yi lissafi da baya, mu gano nawa kamfani zai ware domin bayan hukuma ta ɗauki nata, mutumin ya samu abin da aka yi masa alkawari. In gwamnati ta ƙara haraji a tsakiyar shekara, injiniyan ko a jikinsa, kamfani ne zai cike giɓin.

Haka wakilan manyan 'yan wasa ke ciniki. Kamar mai sa ne a kara da zai ce wa dillali, "ni dai miliyan ɗaya nake so a hannuna, la'ada da kuɗin kasuwa mai saye ya ji da su." Duk kasuwar da kuɗin shigarta ya fi yawa, a can san zai fi tsada, ko da mai shi bai ƙara ko kwabo ba.

Ɗauki ɗan wasan da ke son Yuro miliyan 5 a shekara a hannunsa. Inda harajin manyan masu albashi yake kashi 45 cikin 100, kamar Ingila, sai ƙungiya ta ware sama da miliyan 9 kafin ya samu biyar ɗin. Inda yake kashi 24, miliyan 6 da dubu 600 sun wadatar. A Saudiyya, inda ba a cire harajin albashi, miliyan 5 ɗin ne kawai. Tsakanin na farko da na biyu akwai kusan miliyan 2 da rabi a kowace shekara, wato a kwantiragin shekara biyar an haura miliyan 12 a kan mutum ɗaya. Wannan lissafi ne na kan tebur, ban sa kuɗin inshorar ma'aikata da ƙungiya ke biya daga aljihunta ba, wanda a Ingila ya tashi daga kashi 13.8 zuwa 15 a watan Afrilun 2025, ban kuma sa ƙananan harajin jihohi ba. Amma ya isa ya nuna girman abin.

Daga nan ma wani ruɗani ke shigowa gidan kallo. Jaridun Ingila sun saba faɗin albashi na mako, kafin a cire haraji. Na Italiya sun saba faɗin na shekara, bayan an cire. Sai ka ji mutum ya ɗauko fam dubu 200 na ɗan wasan Firimiya ya gwada da miliyan 6 na ɗan wasan Seriya A yana neman wanda ya fi, alhali ma'auni biyu ne daban. Kuma mafi yawan waɗannan alƙaluman ƙiyasin 'yan jarida ne, tunda ƙungiyoyi ba sa baje kwantiragi a fili.

Masana tattalin arziki uku, Henrik Kleven da Camille Landais da Emmanuel Saez, sun yi bincike kan wannan batu suka wallafa a 2013, inda suka bi sawun 'yan wasa a ƙasashen Turai 14 tun daga 1985. Abin da suka gano shi ne 'yan wasan waje suna bin inda haraji ya yi sauƙi sosai, musamman bayan hukuncin Bosman na 1995 da ya buɗe iyakoki, amma ɗan ƙasa bai cika barin gida saboda haraji ba. Sun kuma lura cewa in aka yi wa baƙi rangwame, ƙwararrun baƙin kan ture 'yan gida daga fili. Ka riƙe wannan na ƙarshen, za mu gan shi a Italiya.

Sifaniya: dokar da ta riga ta mutu

Ina kyautata zaton yayanku dokar Beckham yake tunawa. David Beckham ya bar United ya koma Real Madrid a 2003, kuma a 2005 Sifaniya ta fitar da ƙa'idar da ta ba baƙon ma'aikaci damar biyan kashi 24 kacal har tsawon shekara shida, a lokacin da ɗan ƙasa mai irin albashinsa ke biyan sama da kashi 40. Ba don 'yan ƙwallo aka yi ta ba, an yi ta ne don jawo ƙwararru da manyan ma'aikatan kamfanoni, amma ƙungiyoyin La Liga ne suka fi kowa cin moriyarta, har sunan Beckham ya bi ta. A bazarar 2009 Real Madrid ta kwaso Cristiano Ronaldo da Kaka da Benzema, daidai lokacin da Birtaniya ta sanar za ta ɗaga nata harajin zuwa kashi 50 daga Afrilun 2010. A wannan 'yar tsakanin, maganar yayanku gaskiya ce tsagwaronta.

Sai dai daga 2010 Sifaniya ta cire sababbin zuwa masu samun sama da Yuro dubu 600 a shekara daga rangwamen, a 2015 kuma ta cire 'yan wasa gaba ɗaya. Birtaniya ita ma ta sauko zuwa kashi 45 a 2013. Yau babban ɗan wasa a Madrid kusan kashi 45 yake biya, a Barcelona kuwa ya kai 50, domin kowane yanki na da nasa ƙarin. Saboda haka Bellingham da ya zaɓi Real Madrid a 2023, da Alexander-Arnold da ya bi shi a 2025, babu wani sauƙin haraji da ya ja su. Farar riga ce ta ja su, da Kofin Zakarun Turai da ƙungiyar ta ɗauka sau 15. Kuma hukumar harajin Sifaniya ba ta da wasa da 'yan ƙwallo: a 2016 kotu ta yanke wa Messi ɗaurin wata 21 kan kuɗin amfani da suna da hotonsa a talla, ko da yake bai shiga gidan yari ba, Ronaldo kuma a 2019 ya amince da biyan kusan Yuro miliyan 19 a irin wannan shari'a.

Italiya: inda aka gwada abin a gaban idonmu

In kana son ganin abin da haraji ke iya yi wa gasa sukutum, da abin da ba ya iya yi, Italiya za ka duba. A 2019 gwamnati ta kawo dokar da ake kira Decreto Crescita. Ga ɗan wasa ko koci da ya yi shekara biyu ba ya zaune a Italiya, kuma ya yarda zai zauna aƙalla shekara biyu, rabin albashinsa kawai ake yi wa haraji. Tunda mafi girman harajin ƙasar kashi 43 ne, hakan ya mayar da shi ƙasa da kashi 25 a aikace. Akwai kuma wata doka daban ta 2017 da ta ba attajiri baƙo damar biyan Yuro dubu 100 a shekara a lokacin a kan duk abin da yake samu daga wajen Italiya, komai yawansa, wadda ta yi wa Ronaldo daidai lokacin da ya koma Juventus a 2018, domin kuɗin tallarsa daga ko'ina a duniya suke zuwa.

Dubi waɗanda suka shigo a shekarun nan. Lukaku ya bar United ya je Inter a 2019, De Ligt ya je Juventus a wannan bazarar, Osimhen ya je Napoli daga Lille a 2020, Milan ta ɗauko Maignan da Tomori da Giroud a 2021, Mourinho ya karɓi Roma a shekarar, Lookman ya je Atalanta a 2022, sannan a 2023 Milan ta sake kwaso Pulisic da Loftus-Cheek da Reijnders da Chukwueze. Sakamako kuma ya biyo baya. Roma ta ci kofin Conference a 2022. A 2023 duk wasannin ƙarshe uku na Turai da ƙungiyar Italiya a ciki: Inter da Manchester City, Roma da Sevilla, Fiorentina da West Ham. Duka ukun sun sha kashi, amma an daɗe ba a ga Seriya A a wannan matsayi ba.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a matsayina na mai lissafi shi ne yadda dokar ta sauya irin ɗan wasan da ƙungiya ke nema. Ka ɗauka daraktan wasanni na neman mai tsaron baya, ga ɗan Italiya da ke wasa a Sassuolo, ga ɗan Faransa da ke wasa a Lyon, ƙwarewarsu ɗaya, kowanne na son miliyan 2 a hannu. Na gida zai ci wa ƙungiya kusan miliyan 3 da rabi a shekara, baƙon kuwa bai fi miliyan 2 da dubu 600 ba. Ba sai an gaya maka wanda za a ɗauka ba. Wannan ne ya sa ƙungiyar 'yan wasan Italiya ta yi ta yaƙar dokar, tana cewa ana toshe wa matasan gida hanya, kuma maganar ta samu masu saurare saboda ƙasar ta kasa zuwa Kofin Duniya a 2018, sannan a Maris 2022 Macedonia ta Arewa ta sake fitar da ita har gida a Palermo. A 2022 aka takaita rangwamen ga wanda ya haura shekara 20 kuma yake samun sama da miliyan 1, a ƙarshen Disambar 2023 kuma gwamnatin Giorgia Meloni ta soke shi ga sababbin zuwa. Masu ƙungiyoyi suka yi ta kukan cewa an kashe Seriya A.

Ni dai ina ganin gwamnatin ta yi daidai. Yana da wuya ka gamsar da malamin makaranta ko ma'aikaciyar jinya dalilin da zai sa mai ɗaukar miliyoyi ya biya kaso ƙasa da nasu don kawai daga waje ya zo. Amma ba adalcin dokar ka tambaya ba, tasirinta ka tambaya. Bayan an soke ta, Atalanta ta ci kofin Europa a Mayun 2024, Lookman ya zura uku rigis a ragar Leverkusen, Inter kuma ta sake kaiwa wasan ƙarshe na Zakarun Turai a 2025, ko da yake PSG ta lallasa ta 5 da nema. Mai gardama zai ce ai mafi yawan 'yan wasan a ƙarƙashin tsohuwar dokar suka zo kuma kwantiraginsu bai ƙare ba, kuma yana da hujja. Sai dai Atalanta ba da rangwame ta zama abin da ta zama ba. Koci Gasperini ya karɓe ta tun 2016, shekara uku kafin dokar, ya kafa tsarinsa na masu tsaron baya uku da kowa ya kama mutuminsa har bakin ragar abokan hamayya, kuma aka riƙa sayo masa 'yan wasan da suka dace da wannan tsari. Juventus na da rangwamen nan iri ɗaya, ta fi kowa kashe kuɗi, amma tun 2020 ba ta ƙara ɗaukar kofin gasar ba.

Monaco ma haka. Ƙungiyar na buga gasar Faransa, amma a ƙasar Monaco baƙon da ba Bafaranshe ba ba ya biyan harajin albashi. Lokacin da gwamnatin François Hollande ta ɗora wa masu biyan albashin da ya haura Yuro miliyan 1 harajin kashi 75 a 2013 da 2014, har ƙungiyoyin Faransa suka yi barazanar yajin aiki, Monaco tana gefe tana sayen Falcao da James Rodriguez. To amma da wannan gatan a hannunta ta faɗi daga babbar gasa a 2011, da shi ta ci kofi a 2017 da matasa irin su Mbappe da Bernardo Silva da Fabinho, da shi kuma ta ƙare ta 17 a 2019. Harajin bai motsa ba a duk waɗannan shekaru.

Saudiyya kuwa ba rashin haraji ne kaɗai ba. Tun lokacin da Ahmed Musa ke Al Nassr, daga 2018 zuwa 2020, babu harajin albashi a can, amma taurarin Turai ba su yi tururuwa ba sai da Ronaldo ya je a farkon 2023, asusun zuba jari na gwamnati kuma ya karɓi kashi 75 na Al Nassr da Al Hilal da Al Ittihad da Al Ahli. Kuɗin ne ya ninka, rashin harajin ƙari ne a kai. Kuma ba kowa ke cin moriyarsa ba. Ɗan Ingila da ya tafi, in bai cika cikakkiyar shekarar haraji a waje ba, wadda a Birtaniya take farawa ranar 6 ga Afrilu, hukumar ƙasarsa na iya binsa bashin abin da ya samu a can. Shi ya sa jaridun Ingila suka yi ta wannan lissafi lokacin da Jordan Henderson ya bar Al Ettifaq bayan wata shida ya koma Ajax.

Abin da ya rusa hujjar game da United

In da haraji ne ke yanke hukunci, da gasar Firimiya ce ta fi kowa talaucin 'yan wasa. Ga shi ita ce ta fi kowa saye. Kwangilar haska wasanninta a cikin gida daga 2025 zuwa 2029 fam biliyan 6.7 ce, ban da abin da ke shigowa daga ƙasashen waje, wanda kuɗin da masu gidajen kallonmu ke biya duk wata yana cikinsa. Ƙungiyar da ta zo ta ƙarshe a tebur tana tashi da sama da fam miliyan 100. Wanda ke da irin wannan kuɗin shiga, ƙarin miliyan 2 ko 3 na haraji a kan ɗan wasa ba zai hana shi barci ba. Haaland ya zo Manchester City a 2022. Liverpool ta sayi Wirtz daga Leverkusen a 2025, ta kuma biya fam miliyan 125 a kan Isak.

Hujja mafi sauƙi ma tana cikin garin Manchester. City da United hukuma ɗaya suke biya wa haraji, kaso ɗaya, a gari ɗaya. Daga 2014 zuwa 2024 City ta ɗauki Firimiya sau 7, United ko sau ɗaya. Kuma ba a hana United saye ba: Pogba fam miliyan 89 a 2016, Maguire miliyan 80 a 2019, Sancho miliyan 73 a 2021, Antony sama da miliyan 80 a 2022. Jimillar abin da ta kashe tun tafiyar Ferguson ya zarce fam biliyan 1 nesa ba kusa ba. In akwai wani abu mai kama da haraji da ke zuƙe ƙungiyar, to bashin da iyalan Glazer suka ɗora mata ne lokacin da suka saye ta a 2005, wanda take biya wa kuɗin ruwa duk shekara. Wannan ba gwamnati ce ta ɗora shi ba.

A nan abokan gardamar yayanku suka fi shi kusa da gaskiya, ko da yake "tsarin wasa" kaɗai bai gama bayani ba. Matsalar ita ce sauya tsarin kowace shekara biyu zuwa uku. Van Gaal mai son riƙe ƙwallo ne a hankali, Mourinho mai ja da baya a jira kuskure, Solskjaer mai kai farmakin gaggawa, Ten Hag ya zo da nasa, sannan Amorim ya iso a Nuwambar 2024 da masu tsaron baya uku da 'yan gefe biyu masu hawa da sauka. Kowanne an sayo masa 'yan wasansa, na bayansa ya tarar da su ba su dace da shi ba. Tsarin Amorim ba shi da gurbin ɗan gefe na gaba irin na da, sai aka ba da aron Rashford da Antony, aka sayar da Garnacho, aka fita neman ɗan gefen hagu aka ɗauko Dorgu daga Lecce. Kakar 2024/25 ta ƙare United na ta 15 da maki 42, Tottenham kuma ta doke ta a wasan ƙarshe na Europa.

Sha'anin McTominay, wanda United ta raina tun yana yaro, ya haɗa duk zaren. A 2024 dokar kashe kuɗi ta Firimiya ba ta yarda ƙungiya ta yi asarar sama da fam miliyan 105 a shekara uku ba, kuma an ga Everton da Nottingham Forest sun rasa maki a kanta. A littafin akawu, kuɗin da aka sayi ɗan wasa ana raba shi ne bisa shekarun kwantiraginsa, in an sayar da shi kuma ribar ita ce abin da ya haura ragowar da ba a gama rubutawa ba. Wanda ƙungiya ta raina tun yana yaro ba shi da kuɗin saye, don haka duk abin da aka sayar da shi riba ce zalla. Shi ya sa yaran gida suke fara zuwa kasuwa in lissafi ya ƙi daidaita. A 2024 United ta sayar wa Napoli McTominay kan kusan fam miliyan 25, wata takwas bayan Italiya ta soke rangwamen nan. Kocin Napoli na lokacin, Conte, wanda aka san shi da masu tsaron baya uku, ya koma huɗu a baya domin ya sama masa wurin kutsawa cikin da'irar abokan hamayya. Ya ci ƙwallo 12, Napoli ta ɗauki kofi, aka zaɓe shi gwarzon gasar. Mutum ɗaya ne, ƙafafun nan dai, babu sauƙin haraji a ciki.

Ba ina cewa haraji bai taɓa durƙusar da ƙungiya ba. Ya yi, amma ta hanyar ƙin biya. Rangers ta Sikotland ta yi kusan shekara goma tana biyan 'yan wasa ta wata dabarar da ake kiran kuɗin rance don kauce wa haraji, daga baya kuma sabon mai ita ya daina miƙa harajin albashin da aka riga aka cire. A Fabrairun 2012 ta faɗa hannun masu kula da bashi, kamfanin ya rushe, ƙungiyar ta sake farawa daga mataki na huɗu. Sai 2016 ta dawo babbar gasa, a 2017 kotun ƙoli ta ba hukumar haraji gaskiya, kuma ba ta ƙara ɗaukar kofin gasar ba sai 2021 a ƙarƙashin Gerrard, da su Aribo da Balogun a cikin tawagar.

Batun Osimhen

A nan ne za ka koma ka ba yayanku haƙuri, domin abin da ya faɗa a kan Osimhen ya tabbata. Galatasaray na cikin kasuwar hannun jari ta Istanbul, don haka dole ta bayyana manyan cinikinta, kuma wannan na cikin 'yan lokutan da muke da alƙaluma daga bakin ƙungiya maimakon ƙiyasi. A ƙarshen Yulin 2025, bayan ya yi kakar aro ya ci ƙwallo 26 a gasar, ta sanar da sayensa kan Yuro miliyan 75, da albashin miliyan 15 a shekara bayan haraji, ban da kuɗin talla da na zama. Turkiyya ta daɗe tana sassauta wa 'yan wasan babbar gasarta, shekaru da dama kashi 15 kawai ake cirewa, daga baya aka ɗaga zuwa 20 aka kuma ƙara sharuɗɗa ga masu samun kuɗi da yawa.

Yanzu juya lissafin zuwa Ingila. Kafin miliyan 15 su shiga hannunsa, sai ƙungiya ta rubuta masa kusan miliyan 28 a shekara, wato sama da Yuro dubu 500 a mako, sannan ta ɗora kashi 15 na inshora daga aljihunta, abin ya haura miliyan 32. United na iya samo wannan kuɗi. Abin da ba za ta iya ba shi ne hana sauran manyan 'yan wasanta aiko wakilansu washegari su ce a daidaita musu nasu, a lokacin da dokar hukumar ƙwallon Turai ta ce albashi da kuɗin sayen 'yan wasa kada su wuce kashi 70 na abin da ƙungiya ke samu, kuma a kakar da United ba ta ma samu gurbin kowace gasar Turai ba. Chelsea ta zauna da wakilansa har daren rufe kasuwa a Agustan 2024, kuma abin da rahotanni suka nuna shi ne kan albashi aka watse. Ɗan wasan da ke neman irin wannan adadi a hannu, mai shekara 26, wanda ƙungiyarsa ba ta rage farashi ba, shi ne ainihin wanda haraji ke iya karkatar da shi daga Ingila. Irinsu ba su da yawa a kowace kasuwa, kuma United ta ɗauki kwatankwacin kuɗin sayensa ta biya a kan Sesko daga Leipzig a Agustan 2025, a kan albashin da bai kama ƙafar nasa ba.